In ambaliya ta ci gari: yadda za ka kai taimako ya isa hannun masu shi

Duk wanda yake da ɗan'uwa a Maiduguri ba zai manta wayewar garin Talata 10 ga Satumba 2024 ba. Madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya biyo kogin Ngadda ya shigo gari mutane suna barci, kafin hantsi unguwar Gwange ta nutse, ruwa ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, har gidan zu na Sanda Kyarimi bai tsira ba, aka dinga gargaɗin mutane su yi hattara da kada da macizai. Rabon garin da ganin irin wannan tun 1994, shekara 30 cif. Mu a unguwarmu a Kano ranar ba wanda ya yi aikin kirki, kowa na riƙe da waya yana kiran lambar da ba ta shiga, kafin la'asar mun buɗe guruf a WhatsApp mun fara tara taimako, kuma gaskiya mun yi kurakurai da yawa da yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ya kamata a bi abin daki-daki, tunda ambaliya dai ta zame mana kamar baƙon shekara-shekara, 2012 ta yi ɓarna, 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, 2024 ga Maiduguri ga Maraɗi da Damagaram inda har tsohon masallacin nan mai tarihi ya rufta, 2025 kuma ga Mokwa.

Mataki na farko: kira tukuna, kar ka fara da tura bidiyo

Abin da yawancinmu muke fara yi shi ne mu ga bidiyo mu tura wa guruf goma da "innalillahi" a ƙasa. Tsaya tukuna. A irin wannan lokaci tsofaffin bidiyoyi suke dawowa, na wata shekarar, wani ma na wata ƙasar ne gaba ɗaya, a liƙa masa sunan garin da ake magana a kai, kai kuma ka tura ka tayar wa wata uwa hankali a banza. In ba ka san wanda ya ɗauka ba kuma ba ka ji labarin a gidan rediyo ko wata kafa da ka yarda da ita ba, bar shi a wayarka.

Abin yi shi ne ka nemi mutum ɗaya ko biyu da suke wurin da ƙafarsu, ɗan'uwa ne, abokin kasuwa ne, limami ne, malamin makaranta ne ko malamar asibiti, ka kira. In kira ba ya shiga ka tura tes, don tes yakan shige ko da sabis ya yi rauni, kuma ba ya cinye masa caji, ka tuna babu wuta a garin. In kun samu juna kar ka tsaya doguwar jaje, ka tambaye shi abu huɗu: ina mutane suka taru, me suka ci yau, wane ruwa suke sha, sannan kasuwa tana ci a kusa ko ba ta ci. Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce za ta nuna maka ko kuɗi za ka tura ko kaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai da kake Kano ko Kumasi ko Makka hasashe kawai kake yi. Kuma in da hali ka sa masa kati da data a take, ƙaramin abu ne amma mutumin da yake neman 'ya'yansa a cikin ruɗani katin waya ya fi masa buhun shinkafa a wannan awar.

In kuma aka ce maka akwai waɗanda ruwa ya rutsa da su a kan rufi ko a bene, wannan ba aikin guruf ba ne, a kira 112, a sanar da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha wato SEMA, da ta ƙasa wato NEMA, da 'yan kwana-kwana, a ba su kwatance mai kyau, sunan unguwa, layi, kusa da wane masallaci ko makaranta, mutum nawa ne, akwai tsoho ko mai ciki ko babu.

Mataki na biyu: kuɗi ko kaya?

Ra'ayina dai, in kasuwa tana ci a kusa, tura kuɗi. Bari in ba ku labarin tsummokaranmu. Mun yi shela a masallaci cewa a kawo tufafi, wallahi cikin kwana biyu zauren wani dattijo ya cika har ƙofa, muka yi ta murna. Da muka zauna tantancewa sai ga takalmi ƙafa ɗaya, ga zani da ya yage har ana ganin mutum ta ciki, ga kayan biki masu duwatsu da ba macen da za ta sa a sansani, ga wandon yaro da ba a ko wanke ba. Mutane dai sun samu inda za su zubar da sharar ɗakinsu ne da sunan sadaka. Kwana biyu mata suka yi suna ware na kirki, abin da ya rage bai kai rabi ba, sannan ga kuɗin mota daga Kano zuwa Maiduguri tafiyar kusan kilomita 600, da muka yi lissafi daga baya kuɗin motar nan kaɗai da a can aka kashe shi da ya sayi tabarmi da bokitai masu yawa. Ga shi da an saya a can ɗan kasuwar garin da shi ma ruwa ya taɓa ya samu ciniki.

Kuɗi ba ya ruɓewa a hanya, ba ya buƙatar sito, kuma wanda aka ba shi ya san abin da ya fi damunsa, wani maganin hawan jinin babarsa ne ruwa ya tafi da shi, wani kuɗin motar da zai kai iyalinsa gidan ƙaninsa a Damaturu yake nema, kai ba za ka taɓa sanin wannan daga nesa ba. Masu cewa "ai in ka ba su kuɗi ɓarnatarwa za su yi" ban yarda da su ba, magidancin da ya shekara 20 yana ciyar da gidansa bai koma yaro don ruwa ya ci ɗakinsa ba.

Inda kaya suka fi kuɗi shi ne inda hanya ta yanke ko kasuwar kanta ta nutse, kamar ƙauyukan Jigawa na wajen Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja da in ruwa ya cika sai da kwalekwale ake shiga, a nan ko ka ba mutum kuɗi babu inda zai kashe, sai a sayi kayan a gari mafi kusa a shigar musu.

Sai maganar wa za ka tura wa, nan ne 'yan damfara suke cin kasuwarsu. Duk bala'in da ya faru, kafin gawa ta yi sanyi za ka ga lambobin asusu suna yawo da hoton yaro yana kuka. Hanyoyin da na fi natsuwa da su uku ne. Na ɗaya mutumin da ka sani ido da ido kuma ka san amanarsa tun kafin ruwa. Na biyu ƙungiya da take da ofis da tarihi, kamar Red Cross ta Najeriya da take da rassa a jihohi, ko 'yan agajin Izala da na Jama'atu da Fityanu, ko cocin da ka sani, ko ƙungiyar ci gaban garin da abin ya shafa. Na uku asusun da gwamnatin jiha ta sanar da bakinta, shi ma ka tabbatar daga rediyo ko shafin gwamnatin na gaskiya, ba daga sikirinshot ba. Kafin ka danna tura ka duba sunan da ya fito a asusun, in an ce ƙungiya ce amma sunan mutum ɗaya ya fito a Opay ko Moniepoint, tambayi dalili, ba lallai ɓarawo ba ne amma dole a yi maka bayani. Wanda ya fusata don ka tambaye shi rasit, ko yake ta matsa maka "yanzu-yanzu ake so", riƙe kuɗinka. 'Yan'uwa na Nijar kuma akwai kamfanonin tura kuɗi na Nita da Amana, a tura da sunan mutum a kira shi a ji ya karɓa.

Mataki na uku: in ku ne masu tarawa

Kuɗin jama'a wuta ne, ya raba abokan shekara da shekaru. Tun ranar farko kar mutum ɗaya ya riƙe komai. Ku fitar da mutum uku aƙalla, mai karɓa daban, mai rubutawa daban, mai sayayya daban, kuma lallai a sa mace a ciki, ba don ado ba, za ku ga amfaninta a gaba. A sayi littafi na musamman, duk abin da ya shigo a rubuta da kwanan wata, wanda ba ya so a faɗi sunansa a rubuta "wani bawan Allah" amma adadin ya fito. Kowane dare a sa jimilla a guruf, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Rasit ɗin kasuwa a ɗauki hotonsa, in mai shago ba shi da rasit ya rubuta a takarda ya sa hannu da lambar waya. Kuɗin mota da na lebura da na man fetur a faɗe su ƙarara tun farko, don abin da yake jawo zargi kenan, mutane su ga an tara kaza an raba kaza su ce ina sauran. Ku sa ranar rufewa, kar asusun ya zauna a buɗe har abada. Kuma don Allah in ɗan siyasa ya kawo gudummawa a karɓa a yi godiya, amma buhun kar a manna masa fosta.

Mataki na huɗu: me za a saya

Abin da mutane suke buƙata a kwana ukun farko daban, na sati biyu daban, na bayan wata biyu daban, wanda bai gane wannan ba sai ya kai ɗanyar shinkafa wa wanda ba shi da tukunya ba shi da itace busasshe.

Kwanakin farko ruwan sha ne kan gaba, abin mamaki ruwa ya kewaye mutum amma ƙishirwa na neman kashe shi, don ambaliya tana haɗe masai da kwata da rijiya ta mayar da su abu ɗaya. Daga nan ne kwalara take tasowa, a Borno ma 'yan makonni bayan ruwan sai da gwamnati ta sanar da ɓarkewar amai da gudawa. Fiya wata tana taimakawa a rana ta farko da ta biyu amma ba za ta ɗore ba, ga nauyi ga shara. Abin da ya fi shi ne jarkoki masu murfi, da maganin tsaftace ruwa irin su Aquatabs ko WaterGuard, a bi abin da aka rubuta a jikin kwalin, a jira minti 30 kafin a sha, in ruwan ya yi dauɗa a fara tace shi da tsaftataccen ƙyalle ko a bar shi ya kwanta. In akwai mai tankar ruwa da kuka yarda da inda yake ɗebowa, ku biya shi ya dinga kaiwa kullum, wannan ya fi katan ɗari na lemo.

Tare da ruwa sai sabulu da omo da buta da bokiti da fo na yara, sai gishirin ORS da zinc na masu gudawa. In ORS na leda ya ƙare ana haɗawa a gida, ruwa mai tsafta lita 1, sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, kar a ƙara gishirin da sunan ya fi ƙarfi, yana cutar da yaro. Amma wanda yake zawo kamar ruwan shinkafa yana amai, ana ba shi yana sha ana tafiya da shi asibiti ne, ba a zauna jira ba, kwalara tana iya kashe babban mutum cikin awoyi.

Abinci kuma a farko wanda za a ci ba sai an dafa ba, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, burodi, dabino, gyaɗa, biskit. Dafaffen abinci yana da kyau matuƙa amma a dafa shi a kusa da inda mutane suke, kar a ƙulla shinkafa da miya a leda tun asuba a yi tafiyar awa shida cikin zafi a ba wa mai yunwa da yamma, cuta ka kai masa. In za ku iya, ku ɗauki matan cikin sansanin su yi girkin a biya su, sun san abin da mutanensu suke ci kuma sun samu na kashewa. Da an kwana biyu sai a koma ɗanyen kaya, shinkafa, masara ko gero, wake, mai, gishiri, magi, amma a haɗa da tukunya da gawayi da kurfoti da ashana.

Sai wurin kwanciya, tabarma, bargo, tamfol, da gidan sauro, don ruwan da ya kwanta sauro yake haifarwa, bayan 'yan makonni zazzaɓi zai fara kwantar da yara. Tocila mai caji da hasken rana ma tana da amfani sosai, saboda macizai da kuma matan da za su fita bayan gida da dare.

Ga inda mace a kwamiti take da rana. Mu maza muka gama lissafinmu tsaf, sai wata yayarmu malamar makaranta ta karɓi takardar ta duba ta ce "to ku yanzu matan nan da suka fito da zani ɗaya a jikinsu, in al'ada ta zo musu da me za su yi?" Wallahi shiru muka yi, ba wanda abin ya faɗo masa a rai. Audugar mata, sababbin kamfai, hijabi, zani, famfas na jarirai, waɗannan ba macen da za ta tashi a gaban maza ta roƙa, sai dai ta ƙunshe kanta a lungu. A sa su a baƙar leda a ba mata su raba wa mata.

Abubuwan da zan ce kar a kai: ragowar magungunan gida da waɗanda suka kusa lalacewa, in kuna son ba da magani ku tambayi ma'aikatan lafiyar da suke wurin su rubuto abin da suke so. Sai madarar gwangwani ta jarirai, na san da niyya mai kyau ake kai ta, amma a inda ruwa ya gurɓace kuma babu yadda za a tafasa bulumboti tana jawo gudawar da take kashe jarirai, gara a ciyar da uwar ta ƙoshi ta shayar, jaririn da ya rasa uwa kuma a haɗa shi da ma'aikatan lafiya. Tufafi in za a bayar, wanda kai ma za ka iya sawa ka je masallacin Juma'a, a wanke, a ninke, a ware na maza da na mata da na yara a rubuta a jikin buhu.

Mataki na biyar: rabo, inda aka fi samun matsala

Tara kaya sauƙi gare shi, rabawa ce aiki. Kuskuren da ya fi kowanne shi ne a shigo da mota cike da kaya tsakiyar mutane masu yunwa a buɗe baya a fara miƙawa. Abin da zai faru sananne ne, samari masu ƙarfi su kwashe, tsohuwa da mai goyo da makaho su koma hannu rabbana, wani lokaci har a tattake mutane, mun sha jin yadda turmutsutsin rabon abinci ya ci rayuka a ƙasar nan.

Yadda ya fi shi ne mutum biyu su riga kaya zuwa da kwana ɗaya. Su fara gaida masu wurin, mai unguwa ko dagaci, a Borno bulama da lawan, da liman, da shugabar mata, in sansanin gwamnati ne a sanar da jami'an SEMA da suke kula da shi don a san me wasu suka riga suka kawo, kar ku kai shinkafa inda aka kai shinkafa jiya alhali can gaba ba wanda ya leƙa. Sannan a rubuta sunaye gida-gida, ba kai-kai ba, a rubuta mutum nawa ne a kowane gida. Kar ku karɓi lis daga hannun mutum ɗaya ku yi aiki da shi ido rufe komai girman rawaninsa, ba zargi ba ne, ɗan Adam ne, kowa yana da nasa. A karanta sunayen a bainar jama'a, su da kansu za su ce wane ba a nan yake ba, wance kuma an manta da ita. A raba kati mai lamba da sa hannu, washegari da sassafe kafin rana ta yi zafi a yi rabon a wuri mai ƙofar shiga daban ta fita daban, kamar makarantar firamare, a riƙa kiran mutum goma-goma, layin mata daban, tsofaffi da masu ciki da masu lalura a fara da su, wanda ba zai iya tasowa ba a kai masa har inda yake. Kayan a riga an ƙulla su kashi-kashi tun a sito, kar a tsaya awo da kwano a gaban mutane.

In kayanku na gida 50 ne kar ku je inda gida 2000 suke, ku nemi ƙaramin wuri da za ku iya gamawa da shi. Kuma ku sa ido sosai a kan masu rabon kansu, abin kunya ne a faɗa amma yana faruwa, wani ya riƙe kati ya ce wa yarinya ko bazawara sai ta ba shi lambar waya ko ta same shi da dare. Duk wanda aka kama da wannan a cire shi a take a kai maganarsa gaba, ba rufa-rufa.

Sai hoto. Na san waɗanda suka ba da kuɗi suna son shaida, to a ɗauki hoton kaya da rasit da takardar sa hannu, ya wadatar. Amma a tsayar da dattijo mai iyali a ɗora masa ledar taliya a hannu a ce ya kalli kyamara ya yi godiya, haba jama'a. Mutumin nan sati ɗaya da ya wuce shi yake ba da sadaka a ƙofar gidansa. In dole sai an ɗauka a nemi izini, yara kuma a bar fuskarsu.

Kar ku manta waɗanda ba sa sansani. Mutanenmu da yawa ba za su taɓa zuwa layi ba, suna gidajen 'yan'uwa, za ka tarar da mai albashi ɗaya ya wayi gari da mutum 20 a gidansa, shi ba a rubuta shi a cikin waɗanda ruwa ya ci ba amma tukunyarsa ce take ɗauke da su. Irin waɗannan gidajen a bi su da dare a sauke musu buhu ba tare da hayaniya ba, liman da matan unguwa sun san su.

Mataki na shida: in da jikinka za ka je

Ka tambayi kanka me ka iya. Likita, nas, mai gyaran famfo da rijiyar burtsatse, mai kwalekwale, direba, kafinta, magini, waɗannan ana nemansu, su je su haɗu da masu aikin da suke ƙasa. In ba ka da ko ɗaya kuma daga nesa kake, zuwanka ƙarin baki ne a kan abincin da bai isa ba, zauna a garinku ka yi aikin tarawa, ko ka je asibiti ka ba da jini. Wanda yake kusa kuma zai shiga aikin kwashe laka, ya sa takalmin roba da safar hannu, ya kiyayi wayar wuta da ta faɗo, ya kiyayi ginin ƙasa da ya sha ruwa don yakan rufta bayan ruwan ya janye, kar ya zura hannu a rami ko ƙarƙashin kaya sai ya taɓa da sanda. Ruwa mai gudu kuma ko iya ƙwauri yake yana kayar da ƙato, in ba ka iya iyo ba kar ka yi jarumtar da za a koma neman gawarka.

Mataki na bakwai: bayan kowa ya watse

Sati biyu zuwa uku ake yi ana zancen, manya su zo jaje da jerin gwanon motoci, daga nan wani labarin ya taso a manta. To a lokacin ne ainihin wahalar take farawa, an rufe sansani an ce kowa ya koma, ya koma ina? Ɗaki ya rushe, rumbu ya tafi, gonar da ake jiran girbi ta zama tafki, akuyoyi sun mutu, keken ɗinki ya yi tsatsa, ga bashin taki. Shawarata tun farko ku ware wani kaso na abin da kuka tara, ko kashi ɗaya cikin uku ne, ku ƙi taɓa shi sai bayan wata biyu, za a matsa muku a ce ku fitar, ku daure.

Da wannan kuɗin ake yin abin da yake tayar da mutum tsaye. Manomin fadama a ba shi iri da taki da ɗan injin ban ruwa ya kama noman rani da ruwa ya janye, alkama ko shinkafa ko albasa, ko mutum biyar ne su haɗu a inji ɗaya. Mai ƙosai a mayar mata da kaskonta da mai da wake. Tela a gyara masa keke. A yashe rijiyoyin unguwa a zuba musu sinadarin kilorin kafin a koma sha. Yara a saya musu yunifom da littattafai, almajirai a mayar musu da alluna da tabarmi, su ma ruwan bai tsallake tsangayarsu ba kuma ba kowa yake tunawa da su a lis ba. Sai takardu, wannan ba ya cin kuɗi sosai sai zirga-zirga, katin ɗan ƙasa, katin banki, layin waya, takardun makaranta, takardar fili, matashin da ya iya bin ofis ya ɗauki tsofaffi biyar ya raka su har a sake fitar musu, ba ƙaramin taimako ya yi ba, tunda tallafin gwamnati ma yanzu sau da yawa sai da asusun banki da lambar NIN.

Masu zakka, lokacin girbi yana zuwa ne daidai da wannan lokacin, wanda Allah ya tsare masa gonarsa zai fitar da buhu ɗaya cikin goma na noman damina, wanda ambaliya ta talauta kuwa ya shiga sahun mabuƙata, akwai ma hadisin Ƙabisa a Sahihu Muslim da ya ambaci wanda bala'i ya cinye dukiyarsa cikin waɗanda roƙo ya halatta gare su har su samu abin tsayuwa. Maganar ɗaukar zakka daga gari zuwa wani gari ko fitar da ita kafin lokacinta, a tambayi malamin da aka yarda da shi. Wanda kuma yake bin wanda ruwa ya ci bashi, ya ɗaga masa ƙafa ko ya yafe wani abu, mai gidan haya ya yi haƙuri da kuɗin wata biyu.

Mu dai guruf ɗinmu ba mu rufe shi ba, mun mayar da shi kamar adashe, kowa yana jefa abin da ya sawwaƙa duk ƙarshen wata. In hukumar hasashen yanayi ta NiMet da ta lura da koguna wato NIHSA suka fitar da hasashen damina da jerin wuraren da ake jin tsoron ambaliya, mukan duba mu ga ko akwai garuruwan da muke da mutane, mu kira su tun ruwa bai sauka ba. Kuɗin farko da muka cire daga ciki ma ba abinci muka saya ba, shebur da baro da buhunan zuba yashi muka saya, samarin layinmu suka yashe kwalbatin bakin masallaci da leda ta toshe shekara da shekaru.